James Naismith: marayan da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando, amma bai yarda da layin tsakiya ba

Duk wanda ya saba kallon ƙwallon kwando a Yamai, ko a zauren Palais du 29 Juillet ko a wasannin samari na unguwa daga Gudel har Talaje, ya san inda gardama ta fi tashi. A tsakiyar fili ne, lokacin da alƙalin wasa ya hura usur ya nuna cewa an mayar da ƙwallo baya, laifin da masu wasa a nan ke kira retour en zone da Faransanci. Nan take ƴan kallo kan rabu biyu, wasu na cewa ƙafar ɗan wasa ba ta taɓa layi ba, wasu na rantsuwa cewa abokin hamayya ne ya taɓa ƙwallon a ƙarshe. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, mutumin da ya ƙirƙiro wasan bai zana wannan layi ba. Sai da wasan ya shekara 40 aka kawo shi, kuma har ya mutu bai gamsu da shi ba. Sunan mutumin James Naismith.

Maraya tun yana ɗan shekara 9

An haifi Naismith ranar 6 ga watan Nuwamban 1861 a kusa da garin Almonte da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada. Iyayensa, John Naismith da Margaret Young, ƴan asalin Sikotland ne. A shekarar 1870 zazzaɓin taifod ya kashe uban da uwar a cikin ƴan makonni, daidai lokacin da yaron ke cika shekara 9. Shi da ƴar uwarsa Annie da ƙanensa Robert suka koma hannun kakarsu ta wajen uwa, bayan rasuwarta kuma riƙonsu ya faɗa kan kawunsu Peter Young, manomi mai tsananin horo.

A ƙauye ya tashi, tsakanin aikin gona da saran itace. A nan ne ya koyi wani wasan yara da daga baya ya yi masa rana. Akan ɗora ƙaramin dutse a kan babba, yaro ɗaya yana gadi, saura suna jifa don su kayar da shi. Naismith ya lura cewa mai jifa da ƙarfi yakan kuskure, dutsensa kuma ya yi nisa, amma wanda ya lanƙwasa jifarsa sama a hankali shi ya fi samun sa'a.

Karatu bai zo masa da sauƙi ba. Ya bar makarantar sakandare ya shiga daji aikin saran katako na wasu shekaru, kafin ya dawo aji yana saurayi ya kammala a 1883. A shekarar ya shiga jami'ar McGill da ke Montréal, inda ya sami digiri a 1887, sannan ya ci gaba da karatun addinin Kirista a kwalejin Presbyterian har 1890, da niyyar zama limamin coci.

A jami'a ya yi suna a wasan rugby da lacrosse da motsa jiki, abin da wasu malamansa da danginsa ba su so ba, domin a ganinsu wasannin ture-ture ba su dace da mai shirin wa'azi ba. Wata rana a filin rugby wani abokin wasansa ya yi ashar, da ya waiga ya ga Naismith kusa da shi sai ya ji kunya ya nemi afuwa, alhali Naismith bai ce masa komai ba. Daga nan ya fara tunanin cewa ana iya gyara halin matasa a filin wasa kamar yadda ake yi a kan mumbari. Wannan tunani ne ya kai shi Amurka a 1890, makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA a garin Springfield na jihar Massachusetts.

Kwana 14 da kwanduna biyu

A ƙarshen 1891 Naismith ya riga ya zama malami a makarantar. Hunturun yankin mai tsanani ne, ƙanƙara kan rufe filaye, dole a koma cikin zaure. Akwai wani aji na maza 18 da suka gaji da atisayen motsa jiki na cikin ɗaki, har malamai biyu sun gwada su sun kasa. Shugaban sashen, Dokta Luther Gulick, ya danƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi a cikin zaure, mai jan hankali, wanda kuma ba zai jawo rauni ba.

Ya fara da gwada rugby da ƙwallon ƙafa da lacrosse a cikin zauren, duk suka ci tura. Sai ya zauna ya bi asalin matsalar. Ana kayar da ɗan wasa a rugby ne saboda yana gudu da ƙwallo, to idan aka hana gudu da ita babu dalilin kayarwa. Ana buga ƙwallo da ƙarfi ne saboda raga tana tsaye a ƙasa, to idan aka ɗaga wurin ci sama da kawunan mutane, bakinsa yana kallon sama, ƙarfi ba zai yi amfani ba sai gwaninta. Jifar da ya koya a ƙauye ce ta dawo masa.

Ya nemi akwatuna biyu wajen mai kula da ginin, bai samu ba, aka ba shi kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itacen pêche. Ya kafe su a jikin barandar zauren, ɗaya a kowane gefe, tsayin mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Har yau a wannan tsayi ake kafa kwando a duniya baki ɗaya. Ranar 21 ga Disamban 1891 aka yi wasan farko da ƙwallon ƙafa, mutum 9 a kowane ɓangare, aka tashi 1 da 0. Da yake kwandunan suna da gindi, sai an hau an ciro ƙwallon duk lokacin da ta shiga.

A wata hira da ya yi da gidan rediyo a New York a 1939, Naismith ya ba da labarin cewa gwajin farko ya rikiɗe ya zama dambe, wasu suka tashi da kumburarren ido, wani kafaɗarsa ta goce, abin da ya sa ya ƙara tsaurara dokokin. Wani ɗalibinsa, Frank Mahan, ya ba da shawarar a sa wa wasan sunan Naismith, ya ƙi, aka tsaya kan ƙwallon kwando.

Dokoki 13

Ranar 15 ga Janairun 1892 jaridar makarantar mai suna The Triangle ta wallafa dokokin wasan guda 13. Sun hana gudu da ƙwallo, sun hana ture da riƙo da taɗiya da duka. Idan ɓangare ɗaya ya yi laifi uku a jere, a ba abokan hamayya ci ɗaya. Mai jefo ƙwallo daga gefe yana da sakan 5, adadin da ake aiki da shi har yanzu. Lokacin wasa kuwa minti 15 sau biyu ne, da hutun minti 5 a tsakani.

Biyu daga cikin dokokin sun shafi alƙalai ne kai tsaye. Naismith ya raba aikin gida biyu: alƙali ɗaya yana lura da mutane da laifuffukansu, ɗayan yana lura da ƙwallo, wato ko tana cikin fili, wa ke da ita, ko ta shiga, tare da riƙe lokaci. Babu batun buga ƙwallo ƙasa ana tafiya da ita, wannan dabara ce da ƴan wasa suka ƙirƙiro da kansu a shekarun da suka biyo baya don kauce wa dokar hana gudu. Babu layin tsakiya, babu kuma iyakar lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo.

Ta hannun ɗaliban YMCA wasan ya bazu da sauri. A watan Disamban 1893 wani ɗalibin Springfield, Melvin Rideout, ya shirya wasan farko na nahiyar Turai a zauren ƙungiyar da ke titin Trévise a birnin Paris.

Likita, malami, mai horarwar da aka fi ci

Naismith ya auri Maude Sherman a 1894, suka haifi ƴaƴa 5. A 1895 ya koma Denver, inda ya haɗa aikin YMCA da karatun likita, ya kammala a 1898. A shekarar jami'ar Kansas da ke garin Lawrence ta ɗauke shi don ya jagoranci addu'o'in ɗalibai ya kuma koyar da motsa jiki. A can ya zauna kusan shekara 40.

Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, ya horar da ita daga 1898 zuwa 1907. Ya ci wasa 55, aka cinye shi 60, kuma shi kaɗai ne a tarihin ƙungiyar maza ta Kansas da rashin nasararsa ya fi nasararsa yawa. Hakan bai dame shi ba. Sau da yawa shi yake riƙe usur a wasannin ƙungiyarsa maimakon ya zauna yana ba da umurni. Ya taɓa shaida wa ɗalibinsa Forrest Allen cewa wannan wasa bugawa kawai ake yi, ba ya buƙatar mai horarwa. Allen bai ji shawarar ba, ya gaje shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu horarwa na Amurka.

A 1916 Naismith ya bi sojojin Kansas zuwa iyakar Mekziko a matsayin limaminsu, a 1917 kuma ya tafi Faransa da YMCA lokacin yaƙin duniya na farko, inda ya yi wata 19. Sai a 1925 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka.

Layin da ya zo daga baya

Kafin 1930 wasan ya shiga wani hali. Ƙungiyar da ke kan gaba takan kwashe ƙwallo ta koma can ƙarƙashin kwandonta, ƴan wasanta suna ta miƙa wa juna, su kuma abokan hamayya sun taru a nasu gefen suna jira. Mintuna kan wuce babu wanda ya yi yunƙurin ci, ƴan kallon da suka biya kuɗi suna ihu. A 1932 kwamitin dokoki na Amurka ya raba fili biyu da layi, ya ba mai ƙwallo sakan 10 ya tsallaka da ita, ya kuma taƙaita komawa da ita baya bayan an tsallaka.

Naismith, wanda ya haura shekara 70 a lokacin, ya soki matakin. A ganinsa an ɗora laifi kan wanda ba shi da shi. Wanda ba ya riƙe da ƙwallo shi ya kamata ya fito ya neme ta, idan ya maƙale a ƙarƙashin kwandonsa to shi ne mai ɓata lokaci. Ya kuma yi fargabar cewa cusa mutum 10 a rabin fili zai ƙara cunkoso da ture-ture, abin da tun farko ya ƙirƙiro wasan don gujewa. Haka ma bai ji daɗi ba da aka soke tsallen tsakiya bayan kowane ci a 1937. Kwamitin bai bi ra'ayinsa ba.

Lokaci ya nuna cewa kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Layin bai kashe ɓata lokaci ba, an dai koma yin sa a ɓangaren gaba. A watan Nuwamban 1950 Fort Wayne Pistons ta ci Minneapolis Lakers 19 da 18, sakamako mafi ƙaranci a tarihin gasar NBA. Sai da aka kawo agogon sakan 24 a 1954 aka shawo kan matsalar, hukumar FIBA kuma ta kawo nata na sakan 30 a 1956. Amma layin ya haifar da abin da Naismith ke so tun farko: da aka sa wa mai ƙwallo wa'adin tsallakawa, sai fitowa a matsa masa tun daga gidansa ya zama abin riba ga masu tsaro.

Wanda ya fi cin gajiyar wannan fahimta ɗalibinsa ne, John McLendon, baƙar fata da ya yi karatu a Kansas daga 1933 zuwa 1936, a zamanin da wariyar launin fata ta hana shi buga wa jami'ar wasa. Naismith ya ja shi a jiki, ya koya masa cewa daga ƙarshen fili zuwa ƙarshe ake buga wasan, a kai hari da tsaro duka. Da wannan salo na gudu da matsi McLendon ya ɗauki kofin NAIA sau uku a jere da jami'ar Tennessee State, daga 1957 zuwa 1959.

Berlin da ƙarshen rayuwa

Ranar 18 ga Yunin 1932 ƙasashe 8 suka kafa hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, a birnin Geneva. A 1936 wasan ya shiga jerin wasannin Olympics a Berlin. Naismith ba shi da kuɗin tafiya, domin bai taɓa neman arziki da abin da ya ƙirƙira ba, sai ƙungiyar masu horarwa ta Amurka ta yi masa karo-karo. Ƙasashe 21 suka fafata, Masar ce kaɗai daga Afirka. Shi ya jefa ƙwallon buɗe gasa, shi ya miƙa lambobin yabo. An yi wasan ƙarshe a fili buɗaɗɗe cikin ruwan sama da taɓo, Amurka ta ci ƙasarsa ta haihuwa Kanada 19 da 8, Mekziko ta zo ta uku. FIBA ta naɗa shi shugabanta na girmamawa.

Maude ta rasu a 1937, shekarar da ya yi ritaya. Ya sake aure a watan Yunin 1939, amma a watan Nuwamba jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya mutu ranar 28 ga watan a Lawrence yana da shekara 78. Littafinsa kan asalin wasan da bunƙasarsa ya fito a 1941. A watan Disamban 2010 aka yi gwanjon takardu biyun da aka buga dokoki 13 a kansu, aka saye su dala miliyan 4.3, sama da miliyar 2 na kuɗin sefa, yanzu suna ajiye a jami'ar Kansas. Gidan karrama gwarazan wasan da ke Springfield sunansa yake ɗauke da shi, a nan aka shigar da Hakeem Olajuwon haifaffen Legas a 2008.

Abin da alƙalin yau ya gada

Layin da Naismith ya ƙi ya zauna daram, kuma a Nijar dokokin FIBA ne ke aiki a kansa. Fili mita 28 ne a tsawo da 15 a faɗi. Tun shekarar 2000 wa'adin tsallakawa ya dawo sakan 8, na kai hari kuma sakan 24. Layin tsakiya kansa na ɓangaren baya ne, don haka wanda ke riƙe da ƙwallo a gaba idan diddigensa ya taɓa layin ya yi laifi.

Kafin alƙali ya hura usur sai ya tabbatar da abu uku a jere. Ƙungiyar tana da iko da ƙwallon a ɓangaren gaba, ɗan wasanta ne ya taɓa ta a ƙarshe a gaba, ɗan wasanta ne kuma ya fara taɓa ta bayan ta koma baya. Idan ɗaya ya ɓace babu laifi. Shi ya sa idan mai tsaro ya doke ƙwallon ta gangara baya, masu hari na da damar bin ta su ɗauka. Amma idan bayan dukan mai tsaron ta taɓa jikin mai hari a gaba kafin ta tsallaka, to laifin yana nan. Haka kuma idan an yi jifa zuwa kwando ikon ƙungiya ya ƙare, wanda ya doko ƙwallon baya a wajen kokawar dawowarta bai jawo wa ƴan uwansa laifi ba.

Mai tahowa yana buga ƙwallo ƙasa bai shiga gaba ba sai ƙwallon da ƙafafunsa biyu sun taɓa ɓangaren gaba gaba ɗaya. Wanda ƙafarsa ɗaya ke nan ɗaya can yana iya ja da baya, sai dai lissafin sakan 8 bai tsaya ba. Wanda ke sama kuwa, wurin da ya taka na ƙarshe shi ne wurinsa. Idan ɗan wasa ya yi tsalle daga baya ya cafe ƙwallon da abokinsa ya jefo daga gaba, laifi ne ko da ya sauka a gaba. Sassauci ɗaya ne: wanda ya tashi daga ɓangarensa na gaba ya ƙwace ƙwallo a sama, wato sabon iko ya fara a hannunsa, yana iya sauka da ita a baya.

Akwai kuma haƙuri. Ƙwallon da ta gangara baya ba laifi ba ce sai ɗan ƙungiyar ya taɓa ta. Alƙalin da ya yi gaggawar hura usur yana iya hana abokin hamayya ɗauka ya ci a sauƙaƙe. Masu kallon NBA a talabijin su lura da wani bambanci: a can ana iya jefa ƙwallo daga gefe zuwa baya a minti biyun ƙarshe, amma a dokar FIBA jifar gefe daga ɓangaren gaba ba ta komawa baya. Hukuncin laifin shi ne a ba abokan hamayya jifar gefe a ɓangarensu na gaba, kusa da inda abin ya faru.

Naismith ya raba aikin alƙalanci tsakanin mai kallon mutum da mai kallon ƙwallo. A layin tsakiya alƙalin da ke biyo bayan wasa dole ya haɗa biyun, idonsa kan ƙafa da ƙwallo a lokaci guda, hannunsa yana ƙirga sakan. Dokar da yake tsarewa ba ta cikin 13 na farko, amma manufarta ita ce wadda malamin Springfield ya fara da ita a 1891: ƙwallo ta yi ta yawo, kowa ya samu damar wasa, a tashi babu wanda aka ji wa ciwo.